Ranar Da Aka Share Wa Baƙi Daji

A duk shekarun da na yi ina aikin gandun daji, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na kai Turawa kallon birai a bayan garin Duvu. Ku da kuka shigo aiki daga baya kun sha jin ana tsokanata da ita, to yau ku ji ta daga bakin mai ita.

'Yan shekaru ne bayan an raba Gongola an ba mu Adamawa, lokacin da kowace ma'aikata ke neman abin da za ta nuna. A ofishinmu na Mubi, masu gadin daji ne a ƙasa, su ke yawo da ƙafa. Sama da su sai malaman daji irina, sama da mu kuma shugaban sashe, Malam Iliya, mutumin Michika, wanda muke kira Oga. Shi ya ƙirƙiro kujerar jagoran masu yawon buɗe ido, ya ba ni. Kujerar ta zo da hular kaki da madubin hangen nesa mai lafiyayyen ido ɗaya. Baƙi ne kawai ba ta zo da su ba. Na fi shekara ina jagorancin kaina.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata mai kamfanin yawo a Legas, wadda muka riƙa kira Madam, za ta bi ta Mubi da wasu Turawa a hanyarsu ta zuwa Kamaru, kuma suna son a nuna musu namun daji da safe. Oga ya kira ni ya ce, "Hamman, wannan shi ne gwajinka. In baƙi sun koma da murna, kujera ya tsaya. In ba haka ba, lambun reno yana neman mutum." Lambun reno shi ne inda ake ba ƙananan itatuwa ruwa, kuma can ake tura wanda ofis ya rasa yadda zai yi da shi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son kujerar nan kamar me.

Wurin da zan kai su ba ni da shakka a kansa. Akwai wani mayo, wato rafi, a bayan wani ƙauye gaba da Duvu, kurmi ya rufe shi, ga itatuwan ɓaure. Da rani nan kaɗai ruwa ke saura, don haka da sassafe gwaggon biri kan sauko daga dutse da iyalinsa, ga jan biri, ga zabin daji, wani lokaci har gada. Abin da ake bukata shi ne shiru, da tufafi marasa haske, a kuma bi ta inda iska ba za ta kai musu warin mutum ba.

Sai dai ƙa'idar aiki ta ce ba a shiga da baƙo ƙasar wani ba tare da an sanar da mai ƙasar ba, kuma ƙa'ida ce mai kyau. Na hau babur na je na gaida Jauro, wato mai garin, wani tsoho siriri mai fara'a. Na ce masa ranar Asabar baƙi za su zo daga Turai saboda dabbobin mayo.

"Su kashe?" in ji shi.

"A'a, Baba, su gani kawai."

Ya dube ni. "Daga Turai. Su ga biri." Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Babu damuwa, ɗana. Ka bar komai a hannuna." Na yi godiya na koma gida da kwanciyar hankali.

Ranar Asabar muka tashi bayan asuba. Turawan sun sha kaya masu ruwan ƙasa, tun a cikin mota suke magana da raɗa. Babbansu wani dattijo ne mai ɗingishi, yana rungume da kyamara mai baki kamar taɓarya. Da muka wuce Duvu sai na ga hanyar ƙafar da na sani ta faɗaɗa, an jera duwatsu hagu da dama, an shafa musu farar ƙasa. Na ce a raina wataƙila kansila ne zai zo wani sha'ani. Can sai na fara jin ganga.

Muna saukowa daga mota, maharban gari da suka yi layi suka ɗaga bindigogin toka sama suka saki gaisuwa. Wata Baturiya ta kwanta ƙasa ba tare da an ce mata ta kwanta ba.

Mayo kuwa na gane shi ne da ruwan kawai. An sare kurmin, an ƙone ciyawa, an rage wa ɓaure rassa, an share ƙasa fes har ana ganin sawun tsintsiya. An kafa rumfar zana, an kwaso bencina daga coci da tabarmi daga masallaci, mata na gefe da tukwane. Gari guda ne ya fito gayya.

Jauro ya taho cikin babbar riga ya kama hannuna. "Gaya musu, tun ranar da ka zo ba mu huta ba. Ciyawa zai tare musu ido, mun cire. Maciji, mun sa wuta. Birai kuma ba su da kunya, za su sace abincin baƙo a gabanmu. Jiya samari da karnuka sun raka su har bayan dutse."

"Baba, ai su aka zo gani."

"Za su gani," in ji shi. Ya yi nuni da wata tabarma inda maharba suka shimfiɗa fatun gada da na jan biri. "Wannan ba ya gudu. Su taɓa ma in suna so."

Madam ba ta jin Hausa, amma tana da ido. Ta ja ni gefe tana huci, ta ce da Turanci in gaya wa tsohon nan a gaban kowa cewa ya lalata wurin, ya ɓata wa mutane tafiyar da suka yi shekaru suna shiri. In na faɗa, za ta shaida wa Oga laifin ƙauye ne. In ban faɗa ba, to laifina ne. An tsai da ganga, kowa na jiran fassara.

Na dubi Jauro. Da ya kama hannuna ɗazu na ji tafinsa duk ya yi bororo, wato da kansa ya riƙe adda, tsoho da shi. Yana tsaye yana murmushi, jama'arsa a bayansa. Na ɗaga murya na ce, "Madam ta ce tun da take yawo ba ta taɓa ganin tarba irin wannan ba." Ban ma yi ƙarya ba. Mata suka rangaɗa guɗa, maharba suka ƙara sakin bindiga. Na juya na ce wa Madam ni ne jagora, in da magana da ni za ta yi.

Baƙi suka zauna a benci suka sha jawabi. Dattijon mai kyamara ya samu wani ƙadangare a kan farin dutse, ya ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya. Da za mu tafi Jauro ya ba su rago, muka dawo Mubi yana kuka a bayan mota.

Ranar Litinin Oga ya kira ni. Madam ta riga ni kai masa labari.

"Hamman, me suka gani?"

"Ƙadangare, yallaɓai. Da rago."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ka ajiye hula a kan tebur."

Haka na koma ban-ruwa. Ba a sake naɗa kowa a kujerar ba, baƙi ma ba su sake zuwa ba, daga baya kuma da rikicin 'yan bindiga ya iso yankinmu sai maganar ta mutu gaba ɗaya. Kurmin dai damina biyu ta mayar da shi, birai suka dawo abinsu. Jauro ya sha aiko mini a tambaya yaushe Turawa za su komo, don wannan karon suna so su share har gindin dutse.

A aikin nan za a koya muku halin dabba, da sawu, da inda iska ke kaɗawa. Ba wanda zai koya muku cewa a wurin mutanenmu daji ba abin nuna wa baƙo ba ne, abin kawar masa ne daga hanya, kuma iya girman baƙo iya yawan sharar. Wanda zai kai baƙo kallon dabba, ya fara zama da mai gari ya ji me yake shirin yi.

Rashin kujerar ya yi mini ciwo, har yau in na tuna ina jin sa. Amma Jauro ya rasu yana ba jikokinsa labarin ranar da Turawa suka yaba tarbarsa, ni kuma ban taɓa gyara masa ba.