Ranar da na sa Falmata ta cire safar hannu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Falmata, kuma har yau idan damina ta sauka aka fara cewa amai da gudawa ya ɓulla a unguwa kaza, haushi ne ke riga tsoro zuwa mini. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan ina fasawa, saboda ni ce marar gaskiya a cikin labarin.

Falmata ƙawata ce. Gudu ya kawo ta Maiduguri lokacin da aka ƙone garinsu, daga ita sai zanin jikinta. A garin nasu ta yi aiki a ɗakin shan magani, shi ya sa da ta zo nan ta kama jinyar tsofaffi gida-gida: wanka, juya wanda ke kwance, ba da magani a kan lokaci. Tana da wani tsoho a unguwar Limanti, sai kuma Innata a Fezzan, wadda ɓarin jikinta ya shanye.

Da cutar ta shigo gari a waccan daminar, Falmata ta zama hukuma a gidanmu. Ruwan sha sai an tafasa. Ta ɗauke kwanon da kowa ke tsoma hannu kafin cin abinci, ta ajiye buta da sabulu. Masu dubiya kuwa daga bakin ƙofa za su yi wa Inna sannu su juya. Dangi suka yi ta gunaguni, wai 'yar gudun hijira ta zo tana kafa mana doka. Ko a jikinta. Duk da haka cutar ta kama Inna, bayan wata gwaggonmu ta faki ido ta ba ta kunun da ta zo da shi.

Inna ta rantse ba mai kai ta asibiti. Falmata ta sa safar hannu ta roba za ta gyara ta. Inna ta dubi hannuwan nan, ta juya fuska bango, ta ce, "Yau ni ake ƙyama a ɗakina?" Daga nan ta kame baki. Ruwan gishiri da sukari ko cokali ɗaya ta ƙi karɓa, ga jiki yana ta tsiyayewa.

Na ja Falmata tsakar gida na ce don Allah ta cire. Ta ce, "Ya Rabi, wallahi ba raini ba ne. Bari ta yi fushinta, zan lallashe ta." Ni kuwa ido ya rufe. Na ce mata uwata ce, kuma ba zan zuba ido baƙin ciki ya kashe ta a kan wata roba ba. Har na yi mata gorin cewa da tata uwar ce da ba ta sa ba, alhali na san uwar tata a hanyar gudu ta rasu. Ta zare safar, ta koma ciki. Inna ta sha ruwan. Kwana uku Falmata tana kwasa tana wanki da hannunta tsirara, ga ruwa ya yi wuya a unguwa.

Inna ta tashi, har ta ƙara shekara uku a duniya. Falmata ce ta kwanta. Da safiyar da abin ya kama ta, farkon abin da ta ce shi ne a aika Limanti a gaya musu ba za ta zo ba, kada a bar tsohon yana jira. An rufe hanya ranar, sai bayan azahar muka sami keke mai ƙafa uku da zai kai ta asibiti. Ba ta kai washegari ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma na san abin da bakina ya faɗa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba mu koyi komai ba. Da Falmata za ta leƙo yau, za ta tarar da kwanon nan ya koma tsakar gidaje, masu dubiya sun cika ɗakin tsoho suna musabaha. Kowa tambayarsa ɗaya ce: yaya jikin Baba, yaya jikin Hajiya? Wadda ke durƙushe tana kwashe ƙazantar kuwa, ba mai tambayar ko an saya mata sabulu. In ta kare kanta a ce ta faye iyayi, in ta faɗi a nemo wata. Haba jama'a! Ita ba 'yar kowa ba ce?

Falmata ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, hotonta ma guda ɗaya gare ni. Abin da ya rage mini nata magana ce ɗaya. Lokacin da na sunkuya zan ɗaga ta mu sa ta a keke, jiki ba ƙarfi, ido ya faɗa, ta ture hannuna. Na ɗauka fushi take yi da ni, kuma da ta yi da ban ga laifinta ba. Sai ta nuna mini jakarta da ke rataye a ƙusa, ta ce, "Ya Rabi, sa safa tukuna."

Allah ya jiƙan Falmata, ya yafe mini.