Turken Safiyo a Bayan Ɗakina

Shekararmu tara a unguwar Lamisula aka ce gwamnati za ta fitar da hanyar mota. Maigidana baduku ne, daga Kano muka zo. Gidan ɗaki biyu ne na ƙasa da dogon yaro ɗaya. Amma a bayan ɗakina 'yata take. Kwana huɗu ta yi a duniya, ba ta kai suna ba, aka binne ta a gida yadda ake yi wa jarirai. Na kifa tsohuwar tukunya a wurin don kada a taka.

Wata Laraba Bulama, mai unguwarmu, ya yi sallama tare da 'yan safiyo masu awon ƙasa. Suka ja sarƙa, suka kafa turke mai jan fenti, suka tafi. Na fito na duba. Tukunyar ta faɗa cikin hanya da taku uku.

Na ce da maigidana, "Malam, ka gani?"

Ya ce, "Na gani."

Washegari kafin ya fita kasuwa ya tuge turken, ya mayar da shi gaban tukunyar, ya daddaɓe ramin da diddige. Mu a zatonmu inda turke yake nan hanya za ta bi. Mako biyu na yi hankalina kwance.

Da suka dawo ina jin su daga ɗaki. Babbansu ya yi dariya.

"Baba, turken naka ƙafa gare shi?"

Bulama ya ce, "Haba Malam. Hanyar nan a takarda take, itacen shaida ne kawai."

Maigidana ya nuna musu tukunyar, ya faɗi abin da ke ƙarƙashinta. Dariyar ta tsaya. Mutumin ya ce, "Allah ya sa mai ceto ce. Wallahi ba ni na zana ba." Da hannunsa ya mayar da turken inda suka kafa shi tun farko.

Na roƙa a tono ta. Liman ya ce a bar baiwar Allah inda aka sa ta. Ban yi musu ba, na gaji.

Aka ba mu fili can gefen gari. Ban ɗauki tukunyar ba, don ban so in bar wurin a buɗe.

Dogon yaron bai shiga awo ba, yana nan bakin kwalta. Daga gindinsa zuwa inda 'yata take taku bakwai ne. In hanya ta biyo da ni nakan ƙirga da ido, in wuce gaba sosai, sannan in tsallaka.