Nasaran da ke Ƙirga Ƙafafun Ƙwaro

Yana durƙushe a bayan rumfar Nagoggo mai fura a kasuwar Zuru, daidai inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Nasara ne, dogo, siriri, wuyansa ja kamar naman da aka feɗe. Mun saba da masu zuwa bisa doki suna ƙirga mutane, wannan kuwa ya ture randa yana tonon laka.

Ƙwaron nan mai ruwan toka na gindin randa yake nema, wanda da an taɓa shi sai ya dunƙule kamar ƙwayar dawa. Ya lashi yatsansa na dama, na cin tuwo, ya manno ɗaya. Da ƙwaron ya warware sai ya juya shi rigingine a tafin hannu, yana ƙirga ƙafafun ta cikin gilashi mai ƙara girman abu. Sannan ya sake lasar yatsan.

"Mi kaka biɗa nan, Nasara?" in ji Nagoggo.

"Wannan dabam! Ƙarami, ba irin na garin Dabai ba," ya ce da gurguwar Hausa, yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Ina jin a garinsu ma ba shi da mai ce masa bari.

Ya nuna ƙwaryar fura, ta miƙa masa ludayi, ya sha ya yi godiya. Yana juya baya ta kama ludayin da bakin zane, ta cusa shi cikin murhun mai ƙosai.