Ruwan Wankan Baba Salifu

Har yau ranar da aka ƙi ruwana a unguwar Changli ba ta fita raina ba. Ni direban tankar ruwa ne. Da rani famfo yana ɗaukewa a Tamale, sai mu ɗebo mu kai unguwanni. A shekarar zaɓe mai motar, wanda muke kira Masta, ya sa aka yi mata fentin jam'iyyarsa, aka manna hoton ɗan takara a jikinta. Ba a tambaye ni ba.

Wata safiya limamin unguwar ya bugo mini waya. Baba Salifu mai gyaran keke ya rasu, babu ruwan wanka a gidan, ga zafi, ana so a binne shi kafin la'asar. Na je neman izinin Masta. Wani ɗan kwamitin jam'iyyarsu da ke zaune ya ce, "Tsohon nan da ke yage mana fosta? Ba mutumin kirki ba ne."

Masta ya ce, "Kai musu ruwan. Amma ka tsaya a bakin titi, kowa ya ga motar wa ce."

Ina isa, Isa, babban ɗan mamacin, ya tare hanya.

"Juya, direba. Babanmu mutumin kirki ne, bai taɓa barin jam'iyyarmu ba. Ba za a wanke shi da ruwan mutanen nan ba."

Na ce, "Ruwan dam ne."

"Hoton wa ke jikin motar?"

Na kashe inji na zauna. Gardama ba aikina ba ne. Ni abin da na sani game da mamacin, ya iya faci.

Rana ta yi sama. Sai yayar mamacin, Hajiya Memuna, ta fito tana dogara sanda.

"Isa, ƙanena yana kwance a ɗaki cikin zafin nan, kai kana titi kana kamfen?"

Ya sunkuyar da kai, amma bai matsa ba. Samarin jam'iyyarsu suna tsaye suna kallonsa.

Ta juya wurin liman. "Malam, ruwan da ya shiga tankin masallaci, na wa ne?"

"Na masallaci ne, Hajiya."

"To direba, ka ji."

Na zagaya bayan masallaci, na zura tiyo a tankin alwala na cika shi. Isa da kansa ya ɗebi bokitin farko. Aka yi wanka, aka binne shi kafin la'asar. Masta ya yi faɗa da ya ji an ɓoye motar a lungu. Na ce masa ruwa dai ya isa. Daga baya kowane ɓangare ya yi ta cewa shi ya yi nasara.

Ku sababbin direbobi, kada ku tsaya musu kan wane ne na kirki. Kowa da jam'iyyarsa yake aunawa, kuma mutum ba ya ja da baya idan mutanensa suna kallonsa. Ku nema masa tankin da zai ɗiba ba tare da an yi masa dariya ba.