Tausar da Na Yi wa Baba

A gidanmu na Makera, in mura ta kama mutum magani biyu ne: sirace da tausa. Sirace aikin Mama ne. Ita ke tafasa ganyen darbejiya da lemun tsami, ta lulluɓe ka da bargo har sai ka roƙi arziki. Tausa kuwa tawa ce. Tun ina sakandare, in Baba ya dawo daga kamfani a Kudenda bayan ya yini tsaye gaban inji, sai kawai ya miƙo mini ƙafa. Ni kuma ga son a yaba, sai in zage ƙarfina.

Shekarar korona ciwon ya kwantar da shi kwana goma. Zazzaɓi, tari, hancinsa ya daina jin komai, har daddawar miyar Mama. Asibiti? Haba! Ko zancen bai yarda a yi ba, wai mura ce ta samu wuri. Muka yi ta sirace har tarin ya lafa, muka yi hamdala.

Sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ta yi zafi, ta yi tauri. Muka ce kwanciya ce ta yi yawa, jijiya ta ɗaure. Na ɗauko man zafi na duƙufa. Kwana uku, safe da yamma, ina murza sharaɓarsa da iya ƙarfina, shi kuma yana cije baki yana sa mini albarka.

Rana ta huɗu da hantsi maƙwabciyarmu ta leƙo duba shi. 'Yar Filato ce, ma'aikaciyar jinya, duk layinmu Sista muke ce mata. Ta tarar da ni tsugune, hannu dumu-dumu da mai. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan.

"Ke! Ɗauke hannunki! Yanzun nan!"

Wallahi raina ya ɓaci. Ƙafar ubana ce fa! Kafin in mayar mata, har ta durƙusa tana duba ƙafafun biyu, tana tambayarsa ko numfashi na yi masa wuya.

"Baba, wannan ciwon ba a ƙirji kaɗai yake tsayawa ba," in ji ta. "Yana taɓa hanyoyin jini, sai jinin ya yi kauri ya dunƙule. Ina tsoron gudan jini ne a nan. In aka murza ya ɓalle, jini zai kwashe shi ya kai huhu ya toshe. Kafin a nemo abin hawa an rasa mutum."

Ashe kwana uku ina tura masa ajali, yana ce mini sannu.

A cikin keke napep, a hanyar asibiti, na takure gefe guda, na cusa hannuwana tsakanin gwiwoyi. Duk ramin da muka faɗa sai in kalli ƙirjinsa in ga ko yana motsi. Tsoro irin na ran nan ban sake jin sa ba.

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya gaskata Sista. Gudan yana nan, bai gusa ba. Aka yi masa allurar tsinka jini, aka ba shi gado. Likita na rubutu, sai ya ɗago kai.

"An murza ƙafar nan?"

Warin man zafi ya cika ɗakin, babu wurin ɓoyewa. Na buɗe baki, hawaye suka riga ni.

"Ni na murza abata, Likita," in ji Baba. "Taurin kai ne irin na tsufa. Wannan yarinyar ita ta kawo ni."

Mutumin da ko takalminsa ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka! Likita ya kalli yatsuna suna ƙyalli da mai, ya kalli Baba, ya mayar da kai ya ci gaba da rubutu.

Bayan mako guda Baba ya fito da ƙafarsa. Har yau in zancen ya taso, haka yake ba da labarin, ko mu biyu ne kaɗai a ɗaki. Ni kuma ban taɓa iya gyara masa ba.