Afra'u Mai Sayar da Baƙin Fata

Ba zan ɓoye ba, ba na son Afra'u, ita ma ta sani. Tare muka tashi a Kiyawa, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Mahaifinta malamin allo ne, mutumin kirki. Ita kuwa baƙa ce wuluk, kyakkyawa, amma tun muna yara ba ta ƙaunar a ambaci launinta. Wata yarinya ta taɓa ce mata "gindin tukunya" a bakin rijiya, sai da Afra'u ta fasa mata tulu.

Aure ya kai ta Dutse. Da auren ya mutu ba ta dawo gida ba, sai ta kama shago a bayan tasha ta fara haɗa man bilicin. A baho take matse mayuka kala-kala, ta cakuɗa da ludayi, ta ɗura a robobin da ba suna a jikinsu. A kanta ta fara gwadawa. Kafin shekara ta zagayo ta yi fari fat, sai ka kalli gaɓoɓin yatsunta za ka gane ita ce. Mata suka yi ta tururuwa, har daga Ringim.

Ƙanwata Na'ima tana koyarwa a wata firamare a Aujara, kullum a kan babur cikin rana. Ƙuraje ne suka fito mata a goshi, ta je ta ce, "Anti Afra'u, ko kina da maganin wannan?" Afra'u ta ba ta roba ɗaya ta ce sati biyu ya isa. Ƙurajen suka tafi, fuskar ta yi haske, abokan aiki suka fara yabawa, Na'ima ta koma ta ƙaro. A wata na biyar kumatunta suka ƙone, suka yi ja da baƙi kamar an ɗora mata dutsen guga. Likita ya ce ta daina nan take, kuma ta guji rana.

Ni na je shagon da kaina, na kifa mata robar a kan tebur.

"Kin ga abin da kika yi wa yarinyar da ta tashi a gabanki?"

Ko kujera ba ta ba ni ba. Ta ce, "Hassana, ni na ce ta riƙa yawo a rana? Fatarta ce ba ta da kyau. Ki fita, kina kore min mutane."

Bayan shekara biyu yayi ya juya. 'Yan mata suka fara yabon baƙar fata a waya, kowa sai "kalar cakuleti". A lokacin ita ma Afra'u man ya gama cin fuskarta. Ta rufe shago wata uku, aka ce ta tafi Kano koyon kwalliya. Ranar da ta dawo, baƙa ta dawo. Ba rana ce ta mayar da ita ba, don fatarta ba ta iya jure rana ko ta minti goma. Hodar ruwa ce mai duhu take shafawa tun daga goshi har wuya da bayan hannu, ta bi da wani mai mai sheƙi. Ta ɗauki kanta a waya tana cewa, "Ku gode wa Allah da launin da ya ba ku. Ni wannan ce kalata ta asali." Matan da ta ƙona da farin mai, su ne suka dawo suna sayen baƙar hoda don su rufe tabon.

Muka haɗu a wani biki a Ringim, ana tsakiyar zafi, ga shi an ɗauke wuta. Ita ta yi wa amarya kwalliya. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa sai ga ta, ta tsaya a kan Na'ima, ta ciro roba daga jaka.

"Ungo, kyauta na ba ki. Ki riƙa rufewa, kina tsorata yara."

Na yunƙura zan tashi, Na'ima ta riƙe min hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Anti, na gode. Ni fuskata kowa ya gan ta. Ke goge taki mu gani."

Gumi yana gangarowa daga goshin Afra'u, yana jan hodar, ya bar layi biyu a kumatunta. Bakin farin mayafinta duk ya rine. Ta ce, "Ba ki da kunya, yarinya."

Ana cikin haka aka kira la'asar, mata suka tashi alwala. Gwaggo Sa'adiyya, ƙanwar uban amarya, tsohuwar da ba ta ɓoye magana, ta ɗauko buta ta dire a gaban Afra'u.

"Ga ruwa, 'yar nan."

"Ina fashin salla, Gwaggo."

"To, Allah ya sa. Amma jikata ma wurinki ta sayi mai, yanzu ko shanya ba ta iya fita yi da rana. Wanke fuskar ko don mu san me kike sayar mana."

Afra'u ba ta wanke ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗauki akwatin kwalliyarta, ta fita ta tari adaidaita, ko abinci ba ta tsaya ci ba.

Na so a ce daga nan kasuwarta ta mutu. Ba ta mutu ba. Matan Ringim kaɗan ne suka janye, na Dutse suka cike gurbinsu, har ta ƙara kama shagon kusa da nata. Na'ima ta nemi canjin wurin aiki zuwa makarantar da ke kusa da gida, tana tafiya da lema, fatar tana dawowa a hankali, amma likita ya ce tabon kumatun hagu da wuya ya tafi.

Satin da ya wuce na ga Afra'u a gidan mai, tana zaune a cikin adaidaita, fuska sumul kamar ba abin da ya taɓa samunta. Ta leƙo ta ce, "Hassana, ya jikin Na'ima?" Na ce da sauƙi, na tsallaka titi.