Harshen Mama Hulda

A cocinsu na Gwantu, shekara ashirin da biyu ba a sauke tukunyar biki ko ta makoki ba sai Mama Hulda ta ɗanɗana. Ba ta riƙe da wani muƙami a Zumuntar Mata, karatunta ma bai wuce aji uku ba, acca da gyaɗa take nomawa. Amma idan ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, kowa sai ya yi tsit, har matar fasto. Kai, mata masu digiri sun sha tsayuwa a bayanta da ludayi suna jiran ta ce a ƙara gishiri.

Ƙwannafi kuwa ya daɗe yana cin ta. Wuta ce ke tasowa daga ƙirji zuwa maƙogwaro, sai wani ruwa mai tsami ya biyo. Takan jiƙa kanwa ta sha ta ci gaba da harkarta. Bara abin ya kai ko sunkuyawa a gona ba ta iyawa, sai 'yarta Afiniki ta ja ta zuwa asibiti a Kafanchan. Likitar, wata yarinya mai tabarau, ta jero mata: ban da barkono, ban da soye-soye da maiƙo, ban da tumatir, ban da lemon kwalba da goro. Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada ta kwanta sai bayan awa uku.

"To ɗanɗanawa fa?" in ji Mama Hulda.

"Sau nawa, Mama?"

"Ranar biki? Tukunya goma, kowace sau uku."

"Ai wannan ci ne," in ji likita.

Ta bi doka sau da ƙafa. Wata takwas tana kan paten acca da alayyafo, ba yaji ko ƙwaya ɗaya. Ƙirji ya lafa. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba, abinci dai ya koma mata kamar shan magani. Idan an yi taro, sai ta ce ƙafa ke damunta.

Da Baba Levi, dattijon coci, ya rasu, mata suka ce atafau, wannan miya sai ita. Ta zo, ta ɗiga, ta lasa. Harshen da ya manta da barkono ya ɗauki wuta nan take, har ƙwalla ta zubo mata.

"Ya isa, har ya yi yawa. A ƙara ruwa."

Martina, wadda ke juya tukunyar, ta san yajin bai kai ba, amma ta ɗauko ruwa. Wa ya isa ya yi musu da Mama Hulda? Aka ƙara ruwa, aka kai wa baƙi. Wani suruki da ya zo daga Kachia ya kai loma ɗaya, ya tambayi na kusa da shi ko barkono ya yi tsada ne a Gwantu. Mama Hulda tana wucewa da tulin kwanuka, da kunnenta ta ji. Ba ta ji haushi ba, gaskiya ba ta ji komai a ranta ba.

Bayan wata guda aka yi wani aure. Ta ɗaura zanen Zumunta ta tafi da sassafe. Ta tarar an ajiye mata kujera a inuwar mangwaro, nesa da hayaƙi. Martina ta zo ta durƙusa da kwano a rufe.

"Mama, naki daban muka dafa, ba yaji. Ki huta abinki."

Ta ce ta gode. Ta cinye tas, ta ɗauraye kwanon da kanta, ta koma kan kujerar ta zauna tana jira. Har aka kife tukwane babu wanda ya kira sunanta.